Tarihin Fulogi da Wayarsa: Me Haruffan Jikinsa Ke Faɗa?



Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhaja, mu leƙa wani ƙaramin abu da bai wuce tsawon yatsa ba, amma ranar da ya ƙi aiki sai harka ta tsaya. Fulogi nake nufi. A nan Dole Kaina ku lissafa da kanku: mashin ɗin da ke kai mutum Kamba, injin da ke bayan kwale-kwale mai tsallaka mutane zuwa Lolo, injin ban ruwa da ke fadamar shinkafa, janaretan mai cajin waya, da motar da ke lodi ranar kasuwa. Duk wanda ke shan fetur a cikinsu yana da fulogi. Injin dizal ne kawai ba ruwansa da shi, shi matsi ke kunna masa wuta.

To amma ka tsaya wajen mai sayar da kayan gyara ka saurari ciniki. "Ba ni fulogi." "Na mashin ko na mota?" Shi ke nan, an gama. Wani ma ya ce maka fulogi dai fulogi na. Alhali a jikin farin tangaran ɗin nan akwai rubutu irin su BP6ES ko C7HSA ko B7HS, kusan ba mai karantawa. Kowane harafi a ciki amsa ce ga wata matsala da ta taɓa wahalar da masu ƙera inji, kuma idan ka ji yadda aka yi har aka kai ga rubuta su, ba za ka sake sayen fulogi da ido kawai ba.

Matsalar farko ita ce yadda za a kunna wuta a cikin rufaffen ƙarfe. Mai da iska sun shiga silinda, to wa zai bi su da ashana? A 1860 wani mai suna Etienne Lenoir ya fito da inji a birnin Paris mai aiki da iskar gas, yana kunna shi da tartsatsin lantarki daga batir da kwayil. Shi ake yawan ambata idan ana neman mafarin fulogi. Kuma haifaffen yankin da yau ke cikin ƙasar Beljiyam ne. Mu nan in an ce Beljiyam, tsohuwar motar da ta biyo ta Kwatano muke tunani, ashe har kakan fulogin ma ɗan can ne.

Dabarar Lenoir ba ta zauna nan take ba, domin batir na lokacin da ya ƙare ya ƙare, injin ba ya yi masa caji. Shi ya sa Gottlieb Daimler a Jamus ya bi wata hanya: ya sa ɗan bututun ƙarfe da ke shiga cikin silinda, a waje kuma ana hura masa wuta har ya yi ja. Mai ya taɓa shi ya kama. Ku hango abin nan, harshen wuta a buɗe kusa da tankin fetur. Iska ta kaɗa ta kashe wutar, mota ta tsaya. Mota ta kife, gobara.

Wanda ya warware ƙullin shi ne kamfanin Robert Bosch, wanda ya buɗe ƙaramin wurin aikinsa a Stuttgart a 1886. Sun fara da na'urar da ke samar da wuta daga maganadisu, ba a buƙatar batir. A 1902 injiniyansa Gottlob Honold ya ƙera wadda ke fitar da wuta mai ƙarfin gaske, ƙarfin da zai sa ta tsallaka tazarar da ke bakin fulogi duk da matsin da ke cikin silinda. Daga ranar fulogi ya zama abin da muka sani, ƙarfe a tsakiya, abin kariya kewaye da shi, ɗan ƙugiya a baki. Tambarin Bosch ɗin nan da kuke gani cikin da'ira ma hoton cikin wannan na'ura ne.

Kada ku ɗauka wannan tsohon labari ne da ya wuce. Buɗe murfin injin ban ruwa ko ƙaramin janareta, za ka ga fulawil da maganadisu a jikinsa da kwayil a gefe. Ka ja igiya, fulawil ya juya, wuta ta fito. Jikan aikin Honold ne yake ba shinkafarmu ruwa.

A Amurka kuma labarin ya biyo ta hannun ɗan tseren keke. Albert Champion, Bafaranshe ne, shi ya ci tseren Paris zuwa Roubaix a 1899. Ya koma Amurka, a 1905 ya kafa kamfani a Boston tare da wasu 'yan uwa masu suna Stranahan. Da suka ɓata, su suka riƙe sunan Champion, shi kuma ya tafi garin Flint a 1908 ya kafa wani, wanda daga baya aka sa wa haruffan farko na sunansa, AC. Wato mutum ɗaya ya haifi manyan kamfanoni biyu masu gaba da juna, ɗaya da sunansa, ɗaya da haruffansa.

Sai Charles Kettering, mai kamfanin Delco. A 1910 motar Cadillac ta fara amfani da tsarinsa, a 1912 kuma ya ƙara mata sitata da cajin batir, aka huta da murza hannun tada mota. Tsarin nasa shi ne wanda duk tsohon bakanike ya haddace: batir ya ba kwayil wuta, kwantak ya buɗe ya rufe, kwayil ya ɗaga wutar ta kai bolt dubu goma sha biyar ko fiye, distiributa ta raba ta, waya ta kai wa kowane fulogi nasa. Wannan tsari ya yi sama da shekara sittin yana mulki. Shi ne a cikin Fijo 404 da 504 da kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, motocin da iyayenmu suka yi ta fasa hanya da su. A irin wannan inji mai silinda huɗu, yawanci wuta na tafiya ne 1, 3, 4, 2. Ka musanya waya biyu, mota ta kama tari da harbi ta salansa. Shi ya sa gwanaye ba sa zare wayoyin gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya suke canzawa.

Yanzu mun zo kan waya, kuma nan ne abin ya shafi mu masu harkar lantarki.

Wayar fulogi ta farko jan ƙarfe ne zalla a ciki, an rufe shi da roba. Tana kai wuta ba gardama. Sai dai duk lokacin da tartsatsi ya tashi, yana watsa hayaniya cikin iska, ita kuma wayar ta zama kamar eriya. Da rediyo ya shiga gidaje da motoci, daga baya talabijin, sai ƙorafi ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa sauraren labarai a gajeren zango mashin ya wuce ya ji rediyo na tas-tas-tas, yana ƙaruwa idan an murɗa totur, to ya ji abin da kunnensa. Maganin da aka samo shi ne a sa wa wutar ɗan cikas a hanya. Aka daina sa jan ƙarfe, aka koma zare mai garin gawayi a tsakiyar wayar, daga baya kuma siririyar waya da aka naɗe kamar sifirin. A cikin fulogin shi kansa aka dasa rizisto mai kimanin om dubu biyar. Harafin R da kuke gani a BPR6ES ke nan. Bambancinsa da BP6ES harafi ɗaya ne tak.

A da matsalar ta rediyo ce kawai, ka yi haƙuri da ƙara. Yau motar da ke da birenbos da na'urorin awo, wannan hayaniya tana iya rikita su, mota ta yi ta yankewa, a yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Saboda haka duk mota mai birenbos, mai R ake sa mata, ba zaɓi. A mashin da ƙananan injuna kuma sau da yawa riziston yana cikin hular da ake kifa wa fulogi, don haka a duba abin da kamfanin injin ya rubuta kafin a ƙara masa wani a kai.

Wayar mai gawayi tana tsufa ta ciki, jikinta fes a waje amma cikin ya tsinke. Mitar da muke gwada layin caji da ita a teburin gyaran waya, ita ce dai ke gano wannan. Juya ta kan om, ka taɓa bakin wayar biyu. Lafiyayya za ta nuna 'yan dubbai, doguwa ta fi gajera yawa. Wadda ta nuna babu hanya sam, ko ta yi wa 'yan uwanta nisa ƙwarai, ta mutu. Wata dabarar kuma ba ta son kayan aiki: tada mota da dare a wuri mai duhu, buɗe bonet, ka duba daga nesa ba tare da ka taɓa ba. In ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga jikin waya zuwa ƙarfe, wutar na zuba a hanya. Da damina abin ya fi tsanani, shi ya sa wata motar ke ƙin tashi da safe bayan ruwan dare.

Mu koma kan fulogin. Babbar wahalar shekarun farko ita ce farin abin kariyar nan. An gwada tangaran irin na kwanon shayi, zafi ya farfasa shi. An gwada wani dutse mai ɓawo-ɓawo da ake kira mika. Sai a shekarun 1930 aka dace da tangaran na alumina, mai jure zafi kuma ba ya barin wuta ta ɓulle, shi ake amfani da shi har yau. Ta wannan ƙofa Japanawa suka shigo. Asalin NGK daga gidan masu ƙera faranti da kofuna ne a Nagoya, suka koma yin tangaran na turakun lantarki, sannan a 1936 aka ware kamfanin fulogi. Denso kuma ya fita daga jikin Toyota a 1949. A 2023 kamfanin NGK ya canza sunansa na Turanci zuwa Niterra, amma rubutun jikin fulogi bai canza ba.

Tangaran ɗin nan shi ke ɗauke da sirrin lambar tsakiya, 5 ko 6 ko 7 ko 8, kuma a ganina nan ne aka fi yin ɓarna a kasuwanninmu. Bakin fulogi yana son zafi daidai. In bai kai wajen digiri 450 zuwa 500 ba, baƙin hayaƙi zai taru a kai, wuta ta bi ta jikin hayaƙin ta gudu maimakon ta yi tsalle. In kuma ya wuce wajen digiri 800, bakin ya yi ja kamar bututun Daimler, ya kunna mai tun kafin lokaci, har ya iya huda fistin. Fulogi mai dogon hancin tangaran yana riƙe zafi, ana ce masa mai zafi. Mai gajeren hanci yana saurin miƙa zafin ga jikin inji, ana ce masa mai sanyi. Injin da ke aiki da ƙarfi awa da awanni yana son mai ɗan sanyi, wanda ke tafiya a hankali yana son mai ɗan zafi. Ba maganar ƙarfin wuta ba ce ko kaɗan, duk da haka za ka ji ana cewa a sa lamba 8 don ya fi wuta.

Ga inda tarkon yake. Kamfanonin ba su taɓa zama sun daidaita lissafinsu ba, kowa ya ci gaba da nasa. A wajen NGK da Denso, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi. A wajen Bosch da Champion, lamba na hawa yana ƙara zafi. NGK BP6ES shi ne abokin Bosch W7DC da Champion N9YC. In ka hau zuwa Bosch W8DC, a wajen NGK sauka ka yi zuwa BP5ES. A gari irin namu da kaya ke shigowa ta ko'ina, wani ta Kwatano da Malanville, wani ta Gaya, wani daga Kano da Onitsha, ga Torch na Caina da nasa rubutun irin su F7TC, dole wannan ruɗani ya yi yawa. Mutum ya ce a ba shi lamba 7, bai faɗi na wane kamfani ba, to bai ce komai ba.

Sauran haruffan maganar girma ce. Fulogin farko-farko manya ne, inji na ƙara matsewa su ma suna ƙara sirancewa. A rubutun NGK, harafin farko kaurin tiredi ne, wato zaren da ake murzawa: B milimita 14, D milimita 12, C milimita 10. Shi ya sa C7HSA na ƙananan mashina ba zai zauna a ramin D8EA ba, wannan kowa na gani da ido. Wanda ba a lura da shi shi ne harafin bayan lamba, mai nuna tsawon tiredin. H milimita 12.7, E milimita 19. B7HS da ake sa wa injunan kwale-kwale da yawa, da B7ES, kaurinsu ɗaya, zafinsu ɗaya, duka za su murzu a rami ɗaya. Amma ɗaya ya fi ɗaya da sama da milimita shida. Ka sa dogon a gajeren rami, ya leƙa cikin silinda, ko fistin ya doke shi, ko hayaƙi ya daskare a tiredin da ya fito ya ƙi kwancewa sai ya cinye ramin. Ka sa gajeren a dogon rami, tartsatsin ya ɓuya a lungu, inji ya yi ta wahalar tashi. Lambar da ke zuwa a ƙarshe kuma, kamar 11 a BKR6E-11, tazarar baki ce, milimita 1.1. Injin ban ruwa irin Honda GX160 yana cin BPR6ES da tazarar 0.7 zuwa 0.8.

Akwai wani dogon babi da ya sa iyayenmu suka saba da canza fulogi a kowane sabis. A 1921, a ɗakin binciken da Kettering ɗin nan ke shugabanta, Thomas Midgley ya gano cewa in aka zuba sinadarin dalma a fetur, inji zai daina ƙwanƙwasa. A 1923 aka fara sayar da shi. Dalmar ta yi wa lafiyar mutane mummunar illa, musamman ƙwaƙwalwar yara, ta kuma riƙa daskarewa a bakin fulogi tana kashe shi da wuri. Amurka ta fara janyewa a tsakiyar shekarun 1970. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Da fetur ya rabu da dalma ne fulogi mai tsawon rai ya samu wurin zama. A shekarun 1980 aka yawaita mai bakin filatinam, a ƙarshen shekarun 1990 kuma mai iridiyam, ƙarfen da sai zafi ya wuce digiri 2,400 yake narkewa, yawancinsa daga Afirka ta Kudu ake tono shi. Saboda taurinsa ana iya sirantar da bakin ya koma milimita 0.4 zuwa 0.6, alhali na gargajiya yana kai 2.5. Siririn baki ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ta yi tsalle, kuma yana iya yin kilomita dubu ɗari, na gargajiya kuwa dubu ashirin zuwa talatin.

A daidai wannan zamani ita ma waya ta fara ɓacewa. Aka cire distiributa, aka ɗora wa kowane fulogi kwayil nasa a ka. Buɗe Corolla ta shekarun 2000, ba za ka ga doguwar waya ko ɗaya ba. In mai gyara ya sa maka kuɗin wayar fulogi a lissafin irin wannan mota, ka nemi ya nuna maka inda ya sa ta. Golf na da da 504 da tsofaffin Toyota su ne har yanzu ke cin waya.

Ra'ayina a nan, motar da aka ƙera ta da iridiyam a mayar mata da shi, domin kwayil ɗinta da birenbos an daidaita su da shi ne. Amma sa iridiyam a tsohuwar mota mai kafireto da ke shan baƙin mai, ko a injin da ake gauraya wa fetur da mai, zubar da kuɗi ne. Hayaƙi zai rufe shi kafin bakinsa ya fara cinyewa, ba a kuma goge shi da buroshin ƙarfe ko sanfefa, ba a danna bakinsa da sukundireba. Ga shi kuma shi 'yan jabu suka fi bi, don shi ke da tsada. Kamar dai cajar waya ce, kwali ɗaya, tambari ɗaya, ciki daban. Duba rubutun ko ya zauna tsaf bai karkace ba, duba wasar bakin tiredi ko tana zamewa da kanta, in mai R ne ɗora masa mita ka ga ko ya zo kusa da om dubu biyar. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ma shaida ne.

Mu mazauna bakin iyaka muna da namu ƙarin babin. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a fara buɗe iyakokin ba sai Disamban 2020. A 2023 kuma aka cire tallafin mai. Duk wannan ya sa injunanmu sun sha fetur ɗin jarka da kwalba iri-iri, wani da datti, wani da ruwa, wani an yi masa gauraye. Fulogi ne ke fara nuna abin da inji ya sha. Kwance shi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska. Baƙi mai maiƙo a mota ko mashin, baƙin mai ne ke hawowa, sabon fulogi ba zai yi magani ba sai an duba ringi. A injin kwale-kwale kuma yawanci man gauraye ne aka zuba ya wuce awo. Fari fat da ƙuraje-ƙuraje, wannan shi ne mai haɗari, zafi ya yi yawa, a tsayar da injin a bincika.

Mai mota in fulogi ɗaya ya mutu, yana da sauran uku da za su ja shi zuwa gareji. Mai kwale-kwale da ya ɗauko mutane da buhuna a tsakiyar Kwara lokacin da ruwa ya cika, nasa ɗaya ne ko biyu. Shi ya sa direbobin ruwa da suka san aiki ba sa tashi sai da sabon fulogi mai lamba daidai a cikin leda, da sifanarsa. Wajen ɗaurawa kuma da hannu ake fara murza shi har ya zauna, domin kan injunan yanzu alminiyam ne, tiredinsa ba ya jure gardama. Sannan a sa sifana a ƙara kimanin rabin zagaye in sabo ne mai kaurin milimita 14. Wanda aka taɓa ɗaurawa, wasarsa ta riga ta kwanta, ɗan taɓawa kaɗan ya ishe shi.